Manyan Nozul da Tumatirin Ƙanin Matata

Ranar da aka sa wa a-kori-kurata manyan nozul masu fesa wa inji mai, murna ta hana ni zama. Bakanike ya ce, "Alhaji, sai an rage mai a kwamfutar motar, waɗannan sun fi feshi." Rage mai kuma? Ni da nake neman ƙarfi! Na karɓi na'urarsa na ƙara da hannuna.

Na loda tumatirin ƙanin matata, na tara jama'a a bakin kanal su ga gudu. Ina taka totur baƙin hayaƙi ya turnuƙe mu, injin ya yi tari ya mutu. A amalanken shanu tumatirin ya isa Kadawa, duk ya yi ruwa.

Har yau in ana ƙona ƙaiƙayin shinkafa a Bunkure, sai ƙanin matata ya ce, "Ku matsa, Yaya ya tayar da mota!"