Bobboi Minti Ashirin

Ina asibiti a Yola, inda na raka yayata, Habibat matar Bobboi ta kira ni tana kuka. Ta ce ya faɗi a shagonsa da safen nan, za a yi jana'iza bayan azahar. Na duba agogo, sha ɗaya saura. Na ruga tasha.

Mubi ta yi rashin babban masanin sararin samaniya. Sau ɗaya Bobboi ya shiga jirgi, daga Yola zuwa Abuja, kuma wannan sau ɗayan ya ishe mu shekara tara. Tikitin ma sai da ya sa aka rufe shi da leda, yana aljihun gaba tare da katin zaɓe. Takalman roba yake sayarwa a kasuwa, amma duk mai son silifa sai ya fara sauraron darasi.

"Ku mutanen kwalta," in ji shi, "kuna ɓata rayuwarku a kwana-kwana. Mu da muka ga duniya daga sama mun san komai kusa yake."

Yana da taswirar da ya cire daga tsohuwar kalanda, da wani jan zare. Ka ambaci gari, ya miƙe zaren, ya lumshe ido, ya yanke hukunci. Yola minti ashirin. Sorau minti huɗu. Kolere kuwa, da ke nan cikin Mubi, ya ce ka riga ka isa, ba ka sani ba ne. Daga nan muka sa masa Kyaftin, ya karɓi sunan hannu biyu.

Abin da ya rage wa Kyaftin shi ne jirgin. Da lissafin sama yake barin gida, sannan ya hau acaɓa. Ranar ɗaurin auren ƙaninsa a Sorau ya tashi saura minti goma, wai har ya bar rara. Ya tarar ana naɗe tabarmi. Ya tara dangi ya yi musu bayani cewa shi bai makara ba, hanyar ce aka shimfiɗa ba bisa ilimi ba.

Matiyu direba, wanda ya ɗauko shi a filin jirgi a wancan zuwan, ya rantse cewa wanda suka zauna tare a cikin jirgin ya ce Bobboi bai buɗe ido ba tun tashi har sauka, salati kawai yake yi. Ban taɓa tambayar Bobboi ba. Abokina ne tun muna firamare, kuma duk damina shi ke zuwa gyara mini katanga, ko da ya zo a makare.

Motarmu ta tsaya cika a Yola, ta yi faci a Song, ta tsaya shan mai a Gombi. Awa huɗu da rabi. Na isa Mubi mutane na dawowa daga maƙabarta. Mutumin da bai taɓa riga kowa zuwa ko'ina ba, ranar nan ya riga ni. Allah ya jiƙansa.

Kwana biyu kafin rasuwarsa ya raka ni tasha, zan tafi Yola. Na ce ba na son yin nisa, ganin yana yawan dafe ƙirji.

"Nisa? Muktar, ko mutuwa na yi za ka iso kafin a gama wanka."

Na ce, "A wane jirgin, Kyaftin?"

Ya girgiza kai yana tausaya mini. "Minti ashirin ne. Kai dai shiga motarka."