Wa Ya Riƙe Fayil Ɗin?

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da kuwa ƙwaƙwalwata ta zubar da duk sauran Asabar ɗin da na yi a duniya. Har yau idan na ji ɗan adaidaita ya danna hon a bayana, sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Ni da abokina Murtala, ɗan Dukawuya, mun shafe wata bakwai muna yi wa wani gem na kwamfuta, na tseren motoci, kwaskwarima, abin da masu harkar ke kira mod. Mun cire motocin Turawa mun sa adaidaita sahu, mun cire titunansu mun sa hanyar da ta taso daga Ƙofar Mazugal ta ratsa lunguna ta ɓulla Jakara. Murtala ne mai zane. Da ƙafa ya riƙa bin unguwa yana ɗaukar hoton katanga da kwata, har teburin mai shayi bai bari ba. Ni kuwa nawa aikin sauti ne da haɗa kwamfutoci yadda mutum shida za su yi tsere tare. Tun muna aji ɗaya muke abota da shi. Mutum ne da idan ka taka shi, shi zai ce maka sannu, kuma na daɗe ina morar wannan hali nasa.

Kawunsa, Alhaji Sabo, yana da shagon koyar da kwamfuta a Ƙofar Mazugal. Da ƙyar ya yarda mu gwada abin a shagonsa bayan la'asar, don shi a wurinsa Murtala zaman banza yake yi da sunan zane. Aka gayyaci abokai da 'yan adaidaita na tashar kusa, su zo su tuƙa unguwarsu.

Ga inda gizo ya fara saƙa. Na gaya wa Murtala cewa na gama sauti tun watan jiya, alhali ko hon ban yi ba. Mun shirya cewa idan ɗan tsere ya danna hon, murya ce za ta fito tana cewa a ba da hanya, irin yadda masu tura kura ke yi a kasuwar Kurmi. Don haka da hantsin ranar na zauna a zaure da laftof, ƙato da ni da gemu, ina ta ihu ni kaɗai ina naɗa kai tsaye cikin foldar gem. Ina tsaka da haka sai na ji sallamar Murtala, ya kawo taswirar ƙarshe a filash. Na yi wuf na ɓoye shafin naɗar murya don kada ya kama ni. Muka gaisa a tsaye, na karɓi filash, na yi masa sannu da ƙoƙari, ya wuce yana sauri. Maiɗakina ta leƙo ta tambayi wane ne, muka ɗan taɓa magana. Daga nan na kwafe taswira, na rufe laftof, na shiga wanka.

(Dole in yi bayanin wannan laftof. Idan ta mutu, tayar da ita sai an yi kamar ana lallashin jaki a bakin rafi. Saboda haka na saita ta ko an rufe murfi ba ta barci, kuma rabona da in kashe ta an fi wata biyu.)

Da azahar na isa shago, na jona wayoyi, na danna gem don gwaji. Sikirin ya yi baƙi, ya dawo da ɗan akwati mai saƙon Turanci, wai ba a iya buɗe foldar mod ba saboda wani shiri yana riƙe da fayil a cikinta. Bai faɗi wane fayil ba, bai faɗi wane shiri ba. Na sake dannawa, ya sake kawo akwatinsa. Na naɗe hannun riga na ce yau ko ni ko shi.

Da antibairos, shirin da ke gadin kwamfuta, na fara, don shi ne wanda aka saba zargi. Na dakatar da shi, akwati ya dawo. Na buɗe gem da izinin mai kwamfuta, ya dawo. Na yi ƙoƙarin sauya wa foldar suna aka ce a kulle take, na yi ƙoƙarin matsar da ita aka ce in haƙura. Na cire wayar da ta haɗa ni da sauran kwamfutocin biyar, ko ɗaya daga cikinsu ce ta riƙe, nan ma shiru. Gumi ya jiƙe min wuyan riga, amma ko a raina ban kawo janyewa ba.

Murtala yana tsaye a bayana, ya ce a hankali ko za mu kashe ta mu kunna. Na juyo na dube shi sama da ƙasa, na ce masa kashe-kunna dabarar wanda bai san aiki ba ce. (Gaskiyar magana tsoro nake kada ta ƙi tashi, amma wa zai faɗi haka a gaban mutane?) Ya koma gefe.

Aka yi la'asar, shago ya fara cika. 'Yan adaidaita sun faka a waje suna leƙe, wani yana tambaya ko an sa ramin nan na bakin masallaci da ke cinye musu taya. Alhaji Sabo ya shigo ya zauna a kujerarsa yana jan carbi, ya tambayi me ake jira. A nan na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na ce jiya komai lafiya lau, matsalar ta fara ne da na sa taswirar da Murtala ya kawo da safe. Alhaji ya juya ya kalli ɗan ƙanwarsa, ya girgiza kai. Murtala ya sunkuya ya fara ba ni haƙuri, yana cewa wataƙila ya yi kuskure wajen adanawa.

Na ci gaba da fafatawa. A ƙarshe na buɗe jerin duk shirye-shiryen da ke aiki a ɓoye, na fara rufe su ɗaya bayan ɗaya ina gwada gem. Na rufe na karanta takardu, na rufe na kallon hotuna. Can ƙasa sai idona ya faɗa kan shirin naɗar murya, yana zaune abinsa tun hantsi, riƙe da fayil ɗin hon. Na waiga na ga ba mai kallon sikirin, na rufe shi da sauri. Ya tambaye ni ko a adana, na ce a adana. Na danna gem, sai ga Ƙofar Mazugal ta bayyana tsaf.

Shago ya ɗauki tafi. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na miƙe ina gyara hula na ce na gyara kuskuren taswirar. Da yake gem ɗin ba ya haɗa 'yan tsere sai fayilolinsu sun zama iri ɗaya, na tura foldar ga sauran kwamfutocin. Na lura kwafin ya ɗauki lokaci fiye da kima, amma murna ba ta bar ni na tambayi dalili ba. Hon na daƙiƙa biyu ya zama na awa biyar, ni ban sani ba.

Mutum shida suka zauna, na ba wani direba laftof ɗina, na koma can bakin ƙofa ina karɓar yabo. Aka fara ƙirga, kuma kun san ɗan adaidaita, kafin ya sa giya ya taɓa hon. Muryata ta fito ta babbar sifikar da ke jone da laftof ɗina tana cewa hanya, hanya, aka fashe da dariya. Sai aka ji tari. Sai aka ji sallama, da muryar Murtala, da tawa ina cewa sannu da ƙoƙari, aiki ya yi kyau. Mutane suka ɗauka cikin wasan ne, suna ta jin daɗi. Ni kaɗai na san abin da ke tafe, kuma tsakanina da sifika akwai mutum fiye da ashirin.

Ina ture mutane ina neman hanya da gaske lokacin da muryar maiɗakina ta tambayi wane ne. Sai tawa ta amsa, tangaran:

"Murtala ne. Wata bakwai yana zana kwata, ni ke ɗauke da shi. Ba don shagon kawunsa ba, da tuni na sallame shi. In abu ya lalace yau, na san wanda zan nuna."

"Kai da ko hon ba ka gama ba?" in ji maiɗakina.

Na fizge wayar babbar sifika, amma na makara, kuma ban tsira ba. Sauran kwamfutocin biyar kowace da ƙaramar sifikarta, kuma ba lokaci ɗaya aka danna hon ba. Haka maganar ta riƙa zagaya shago, wannan ta gama waccan ta ɗauka, ina sallamar Murtala sau biyar a gaban kawunsa. Ba wanda ya ƙara dariya. Alhaji Sabo ya sa carbi a aljihu, ya tambaye ni ko wannan ne kuskuren taswirar da na gyara. Na waiga inda Murtala yake, na ga ya fita, bai ko ɗauki filash ɗinsa ba.

A gaban kowa na faɗa wa Alhaji cewa taswira ba ta da laifi, ni ne na bar naɗar murya a buɗe, ni ne kuma na yi ƙarya. Wannan bai yi wuya ba, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Mai wuyar ita ce hanyar Dukawuya. Washegari na je gidansu Murtala aka ce ba ya nan, alhali ga takalminsa a ƙofar ɗaki. Na koma Litinin aka ce yana barci. Na ƙudura ko sau nawa ne zan koma, don na san ba ni da wani abokin kamarsa. Ranar Talata ya fito, muka zauna a dakali, na zazzage duk haƙurin da na haddace a hanya. Ya saurara har na gama, sannan ya ce ya yafe, kuma maganar shago ba ta dame shi ba.

"Abin da ya tsaya min shi ne muryar," ya ce. "Da wadda ka ce min sannu da ƙoƙari, da wadda ka ce za ka sallame ni, na saurara sau biyar ban ji bambanci ba. Yanzu in ka yabi aikina, ta yaya zan gane?"

Yanzu muna aiki tare kamar da, muna cin abinci kwano ɗaya, amma idan ya gama sabon zane ba ya ƙara juyo min da sikirin ya ce in gani.

Abin da na koya kaɗan ne, kuma na saye shi da tsada. Idan kwamfuta ta ce wani yana riƙe da fayil, da kaina nake fara bincike kafin in ɗaga ido in kalli kowa. Idan kuma na raka baƙo na dawo aka tambaye ni wane ne, sunansa kawai nake faɗa in ja bakina.