Yadda Za Ka Ɓoye Wa Auta Cewa Idonka Ya Buɗe

An cire maka yanar ido, an kwance bandeji, duniya ta dawo tar. Barka da arziki! Sai dai ga matsala. Autarka ta baro aikinta da 'ya'yanta ta zo jinyarka, kuma da bakinta ta ce ranar da ka fara gani za ta haɗa kaya. Kai ka san shirun gidan nan in ba ta ciki. To bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari ba inda za ta.

1. Kame bakinka a gaban likita

Zai ɗaga yatsu ya ce, “Baba, nawa ne?” Kana ganinsu har da zoben. Ƙanƙance ido, ka ja numfashi, ka ce, “Likita, kamar dai kujera.” Amma kada ka zaƙe ka ce duhu kake gani, wallahi ɗakin tiyata zai mai da kai.

2. Kada ka yi mamakin komai

Nan yawanci ake faɗuwa. Za ka tarar bangon falon da ka ɗauka ruwan toka ne, ashe shuɗi ne. Rigar da kake taƙama da ita a unguwa duk tabon shayi. Haɗiye. Madubi kuwa, kauce masa. Tsohon da ke ciki ba baƙo ba ne, kada ka yi masa sallama.

3. Riƙe “wane ne?” da kyau

Duk wanda ya shigo, tambaye shi. Maƙwabcinka zai zo dubiya, bakinsa na cewa, “Sannu Baba, ya jiki?” hannunsa na zuba ayabarka a aljihu. Kalli silin ka ce, “Da sauƙi. Wane ne?” Masana sun tabbatar ayaba ba ta kai Auta ba.

4. Yi tuntuɓe, amma da hankali

Zaɓi abu mai laushi, matashin kai ko silifa. Ban ce kujerar ƙarfe ba! Auta za ta rugo tana faɗa, “Haba Baba, me ya hana ka kira ni?” ta kama hannunka har bakin gado. Abin da ake nema ke nan.

5. Kada ka kalli fuskarta

Wannan ne mai wuya. Za ta zauna kusa da kai za ta ɗinke maka maɓalli, tana kai zare bakin allura tana kuskurewa. Za ka ga ta rame. Za ka ga furfura a gefen kanta, Auta fa! Wayarta za ta yi haske da hoton 'yar ƙaramarta, ta kife ta a hankali don kada ka ji. Cije, malam. In ka kuskura ka ce, “Kawo nan,” ka zura zaren tashi ɗaya, ka gama yawo.

“Baba, tun yaushe?” za ta ce.

Kai kuma bakinka zai ci amanarka: “Tashi ki haɗa kayanki, 'yar nan. Yara na jiranki.”

Gargaɗi

Ba ruwana da wanda ya karya mataki na biyar. Ba ni na ce ya raka ta tasha da ƙafarsa ba, ya tsaya yana kallon motar har ta sha kwana. In daga nan ka ga hanya ta koma dishi-dishi, kada ka je ka dami likita, aikinsa ya yi kyau. Share da hannun riga ka tafi gida.