Ƙarfen da Ya Yi Ƙamshin Juma'a

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da aka sunsuni bincikena ba, a gaban baƙo kuwa.

Ina digiri na biyu a sashen kimiyyar sinadarai a nan Katsina, kuma aikina shi ne in gano ko ruwan ganyen bedi (darbejiya, in ji Kanawa) zai hana ƙarfe tsatsa. Akwai na'urar da ke auna wannan, muna ce mata imfidans. Ana tsoma ƙarfe a ruwan gishiri, ta riƙa tura masa 'yar wutar lantarki mai kai da komowa, daga sauri-sauri zuwa sannu-sannu, sai ta zana rabin da'ira a kwamfuta. Iya girman da'irar, iya tsarin da ƙarfen ya samu daga tsatsa.

Na'urar ɗaya ce, mu kuwa tuli. Gwajin ƙarfe zalla na yi shi da safe cikin natsuwa, da safar hannu. Amma na bedi sai layi ya jefa ni bayan sallar Juma'a, lokacin da kowa ke gudu. Daga masallaci nake biyawa Ƙofar Sauri in gai da Kawu, shi kuwa ba ya sallamar mutum sai ya tsiyaya masa turaren mai a tafin hannu. Sai in hau babur a guje, don kada a ɗauke wuta kafin in isa, in cafki ƙarfe da hannu haka nan in tsoma.

Da'ira ta fito ƙatuwa, har allon ya yi mata kaɗan. Na kasa zaune na kasa tsaye. Kafin Magariba dangi duk sun ji cewa ɗansu ya gano maganin tsatsa (wani ma ya ce in zo in duba masa ƙofar shago).

Malamata, Dakta Hajiya Binta, ta ce in maimaita ranar Talata a gaban baƙon farfesan da zai yanke ko zan kare aikina bana. Na sa safar hannu don burga, na danna. Da'ira ta fito 'yar mitsitsiya. Na sake, haka. Na jijjiga waya, na zargi gishiri, na zargi wuta.

Hajiya ta matso. Ta ɗauko ɗaya daga tsofaffin ƙarafana, ta juya shi, sannan ta kai hanci.

"Malam, mi ka shafa ma ƙarfen nan?"

Ta miƙa wa farfesa. Ya shaƙa, ya lumshe ido, ya ce turaren mai kyau ne, a ina ake sayarwa? Ashe maiƙon ne ya lulluɓe ƙarfen ya tare wutar, bedi bai san ana yi ba. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, ina tsaye da safar hannu kamar mai shirin tiyata.

Aka ɗage kare aikina zuwa baɗi, abokaina suka gama suka bar ni. Na sake komai daga farko, bedi ya ba da 'yar da'irarsa daidai ƙarfinsa, na karɓa da godiya. Tun daga nan na koyi cewa in sakamako ya yi mini daɗi fiye da kima, in fara sunsuna shi kafin in buɗe baki.