Mai Auna Wari Ya Zo da Mura

Ranar Laraba na shanya farar rigata ta zuwa coci, na shiga ciki shan shayi. Kafin in fito an kunna injin feshi a gonar aladun da ke bayanmu. Ruwan kashin da suke tarawa a tafki shi suke watsa wa fili, iska kuma ta kawo mana rabonmu. Yanzu ko karena ba ya kusantar rigar nan.

Tawa mai sauƙi ce. Maƙwabciyata Odessa ce hankalinta ya tashi, don ranar Asabar za a ɗaura auren jikarta a farfajiyar gidanta, dangin ango kuma 'yan birni ne, ba su san iskar ƙauyen Carolina ba. Ta yi ta buga wa hukuma waya har suka gaji da ita, suka turo mutum.

A gaishe da manyanmu, ba ƙaramin mutum suka turo ba. Mai Girma Sarkin Shaƙar Iska ne da kansa. Ya sauko daga mota da hankici a hannu, hanci ja wur, mura ta toshe shi.

Ya ɗaga kai, ya ja numfashi ta baki. "Gaskiya, Mama, ban ji komai ba."

Odessa ta ce, "Ɗana, to ƙudajen nan da suka rufe maka hula fa? Gaisuwa suka zo?"

"Ƙudaje na gonar kaji ne, wani ofis ke kula da su. Mu namu ruwa ne."

Na ce, "Yallaɓai, ai ruwan ne ke sauka a kanmu."

"In ya tashi sama ya zama iska, ya fita daga hannunmu."

Kun ji ilimi! Ya yi atishawa, ya yi mana alkawarin kwamiti, ya tafi.

Odessa ba ta ƙara kiran kowa ba. Ta gasa burodin masara, ta taka har gidan Delbert, manajan gonar aladun, ta gayyace shi biki, shi da matarsa, kujerar gaba.

Ranar Asabar injin bai ko yi tari ba. Muka ci soyayyen kifi a waje, har ƙamshin furen amarya na ji. Matar Delbert ta yi ta yabon iskar unguwarmu.

Yanzu maƙwabta neman wanda zai yi aure Asabar mai zuwa suke. Ni ne kaɗai gwauron da ya rage a layin, kuma na lura an fara gaishe ni da fara'a.