Ƙahon Muhtari Jaz a Gaban Malamai

Duk wanda bai san Muhtari Jaz ba, bai taɓa zama kusa da shi ba ne, don da ya zauna, da Muhtari ya gaya masa. Shi ne Sarkin Ƙahon Ƙaura Namoda, Guguwar Tasha, Uban Badujala. Duk sarautun nan shi ya naɗa kansa, shi ya je wa kansa murna. Zamanin da jirgin ƙasa ke zuwa cike, shi ke jan makaɗan kulob ɗin ma'aikatan reluwe, cikin farar kwat, da ƙahon tagulla a hannu. Yakan ce wani Bature ya taɓa zubar da hawaye da jin busarsa. Ba a dai bincika dalilin hawayen ba.

Da Shari'a ta zo Zamfara, aka rufe gidajen giya da na rawa. Kulob ɗin kam ya daɗe da zama makwancin awaki, kuma rabon da a kira Muhtari biki tun haƙoransa na gaba suna nan. Duk da haka yakan harɗe a gindin dalbejiya yana gaya wa 'yan kabu-kabu, "Don ni aka yi dokar ga. Sun san in na busa, ba mai zama gida."

Abu guda ke cin ransa. An gargaɗi masu kalangu. Har wani mai gurmi na garin Banga an kira an ja masa kunne. Shi kuwa, Guguwar Tasha guda, ko sallama ba a yi masa ba.

Sai ya yanke shawarar yin kaset. Ya sayar da tunkiyar matarsa Kulsumu, ya ce tarihi zai biya ta. Ya bi gari-gari yana tono tsofaffin yaransa. Ya samo Atiku mai ganga a Kasuwar Daji yana sayar da albasa. Ya ɗauko Sule mai dogon ƙaho daga Zurmi, kunnensa ya yi nauyi. Sauran suka zo da sanduna da maganin tari, suka cika ɗakin ɗaukar murya na Zaharaddeen mai sayar da kaset, wani ɗan lungu da aka lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai.

Muhtari ya hau benci. "Jama'a, abin da za mu yi yau, jikokinku za su ci abinci da shi. Ikko na jira. Ingila na jira."

Aka tada janareto, aka fara. Abin mamaki, tsofaffin nan hannu bai manta ba. Kiɗa ya ɗauko daɗi, har Zaharaddeen yana kaɗa ƙafa. Nan ran Muhtari ya ɓaci. Ya ce ganga na danne shi, Atiku ya sassauta. Ya ce Sule ya koma bakin ƙofa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ba mai motsi a ɗakin sai shi. Sannan ya rungume makirfo, ya kumbura kumatu, ya saki abin da ya rage masa na numfashi ta gibin haƙora. Zaharaddeen ya fizge abin sauraro daga kunnensa ya fita waje. Muhtari ya gyaɗa kai. Ya san ba kowace zuciya ke ɗaukar irin wannan ba.

Kaset ya fito da hotonsa na samartaka. Aka kai kasuwar Shinkafi, aka dawo da shi yadda ya tafi. Muhtari ya ce tsoro ne ya hana mutane saye. Da ya ga hukuma ta ƙi lura, sai ya tura Atiku ya kai wa kwamitin malaman unguwa kaset ɗin, ya ce musu wai jama'a na kuka da shi.

Ran da kwamitin ya kira Muhtari, ya fito da farar kwat daga adaka. Ya yafe wa Kulsumu, ko da yake ita ke bin sa tunkiya. "In an ɗaure ni, ki gaya wa 'yan jarida ban durƙusa ba." Ya ratsa kasuwa a hankali don kowa ya gani, mutane kuwa suka biyo shi har zaure.

Malam Abbati, dattijon da ke shugabantar kwamitin, yana zaune bisa buzu, rikoda a gabansa. Bai buɗe baki ba Muhtari ya dafa ƙirji.

"Allah gafarta Malam, ni na busa, ba na musu! A yi mini bulala, a kai ni gidan yari. Ƙahona dai ba ya tuba!"

Malam ya jira har ya gama.

"Zamna, Malam Muhtari. Mun saurari abin ga gaba da baya, har muka sake. Mu dai ba mu ji kiɗa ba ciki. Tahi gida, ba ka da laihi."

Muhtari ya juya zai fita, sai dattijon ya kira shi cikin tausayi.

"Af, na manta. Bajimin ga da muka ji yana kuka, an dai samu yanka shi kahin ya cika?"