Yadda Na Haɗiye Takwarana

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarata ta ƙarshe a kwalejin ilimi, domin a cikinta ne na haɗiye magidanci sukutum, kuma a gaban baƙi.

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Tsanyawa, inda gona ke jingine da gona, gida ke hango gida. Kullum da sassafe nakan ratsa ta cikin gero, raɓa na jiƙa mini ƙafar wando, in fito bakin titi in jira bas. Ilimin kwamfuta nake karantawa. Ba ni da magana ko kaɗan (Inna takan ce ko akuya ta taka ni, ni zan ba ta haƙuri), amma in aka ba ni aiki, sai na bi shi layi-layi. Har yau in na ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan dare, waɗannan safiyoyin nake tunawa.

A shekarar ne jami'ar da ke ɗaukar ɗalibanmu zuwa digiri ta ce ta daina karɓar sakamako a ambulan. Ta kwamfuta take so, a tsarin da ake kira XML, kuma ta sa rana. Duk wanda bayaninsa bai isa ba a ranar, sai baɗi. Malam Habu, malaminmu na kwamfuta, shi aka ɗora wa aikin, shi kuma ya jawo ni.

"Ka taɓa zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau?" in ji shi. "To wannan tsarin buhu ne. Ka rubuta wake a jikinsa, ka zuba wake, ka ɗinke baki. Alamar buɗewa, abin da ke ciki, alamar rufewa. Babban buhu shi ne ɗalibi. A cikinsa akwai ƙananan ƙulli: suna, ranar haihuwa, gari, darussa, maki. Ka buɗe ba ka rufe ba, hatsi ya zube."

Na ce, "To, Malam."

"Sannan jami'a ta aiko da kwanon awonta. In ta ce a fara rubuta shekara, sai wata, sai rana, haka kowace makaranta za ta yi, don kwamfutarsu ta gane tamu. Kada ka kawo mini naka kwanon."

Wallahi aikin ya yi mini daɗi. Ga shiru, ga fanka, ga buhuna suna jeruwa tsaf, ba wanda zai ce in tashi in yi bayani. Matsala ɗaya na tarar: ɗalibin da ya canza sashe akan ba shi sabuwar lamba, sai ya fito sau biyu. Malam Habu ya ce in na ga irin wannan in ware shi gefe mu duba tare. Na ware. Na je ƙofar ofishinsa, na ji muryoyin manya a ciki, na dawo. Na sake zuwa, na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, na sosa ƙeya, na dawo. Daga nan na ce ai ba sai na dame shi ba. Na kafa wa kwamfuta doka: duk mutum biyun da sunansu ɗaya, ranar haihuwarsu ɗaya, garinsu ɗaya, mutum ɗaya ne, a zuba su buhu guda.

(A nan ya kamata in tsaya in yi tunani. A wajenmu suna uku ne: naka, na mahaifinka, sai na gari. Ranar haihuwa kuwa hedimasta ne ke yanke ta ranar da aka kai ka firamare, kuma ɗaya ga Janairu ya fi saurin zuwa bakin alƙalaminsa. Ni kaina haka takardata ta ce, alhali Inna ta rantse ana tsakiyar noman farko aka haife ni. Duk na san wannan. Ban tsaya ba.)

Ranar turawa, jami'a ta aiko da mutane su gani da idonsu, cikinsu har da wata Hajiya mai gilashi daga ofishin magatakarda. Aka tara ɗaliban da abin ya shafa a babban aji, aka kunna majigi. Malam Habu ya gabatar da ni da cewa, "Wannan ba ya magana, amma ba ya kuskure." Na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur don daɗi da kunya.

Hajiya ta ce in buɗe ɗalibi ɗaya a gani. Don kada in tona makin wani, sai na buɗe nawa.

Ga sunana ya fito a bango. Ga darussan kwamfuta, maki masu kyau, har na fara gyara tsayuwa. Na gangara ƙasa. Sai ga Nahawu. Sai ga Sarfu. Sai ga Balaga.

Hajiya ta sauke gilashi. "Masha Allah. Ɗana, kwamfuta da Larabci ka haɗa lokaci guda? Yaushe kake barci?"

Kafin in samu abin cewa, wani dogon mutum ya miƙe daga baya. Ɗanlami ne, ɗalibin sashen Larabci, magidanci mai 'ya'ya, wanda ke koyarwa a firamaren ƙauyen da ke gaba da namu. Ya bar gonarsa a hannun ƙannensa ya dawo karatu don ya samu digiri. Bas ɗaya muke hawa tun shekarar farko, yakan ma matsa mini wuri.

"Gafarta Malam," in ji shi, "wannan C ɗin ta Balaga tawa ce. Na gane ta. Sau biyu na zauna mata."

Ajin ya fashe. Wani ya kira ni da laƙabina ya ce, "Ustazu ya saci Balaga!" Wani ya ce, "Da za ka sata ai ka saci A!"

Ɗanlami bai yi dariya ba. "A nemo ni tukuna."

Na rubuta lambarsa. Kwamfuta ta ce babu. Sai a lokacin na gane: Ɗanlami laƙabi ne. Sunan yankanmu ɗaya, mahaifanmu suna ɗaya, garin da muke jingina da shi ɗaya, kuma hedimastansa da nawa alƙalaminsu ɗaya, ga shi a takarda an rage masa shekaru har sun zo daidai da nawa. Ban taɓa tambayar sunansa ba, shi kuma Ustazu kawai ya sani.

"Wato yau da an tura," in ji shi a hankali, "sai in koma in ce wa mai ɗakina me? Wani yaro ya cinye ni?"

Malam Habu ya dube ni. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Su nawa ka haɗa?"

Na ce, "Da ɗan dama, Malam."

Allah ya taimake ni, ashe Malam Habu ya ajiye ainihin bayanan daban. Hajiya ta ce za ta jira zuwa la'asar, ba ƙari. Aka ce duk wanda na haɗa, sai an gan shi ido da ido. Ni da ban iya ƙwanƙwasa ƙofa ba, ni ne na bi aji-aji, har masallaci da wurin mai shayi, ina ɗaga murya: "Wane ne Sani Musa na sashen Lissafi? Wane ne na Tarihi?" Wasu mutum ɗaya ne da gaske. Wasu kuwa suka taso su biyu suna harara ta. Ɗanlami na biye da ni, yana gaya wa duk wanda muka gamu da shi, "Ku riƙe makinku da kyau, ga shi nan tafe."

Ana kiran sallah muka gama. Ya tsaya a kaina har ya ga sunansa shi kaɗai, da C ɗinsa, sannan Hajiya ta ce a tura. Ya samu gurbin. Ranar da ya ji labari ya aiko wa Inna da zabuwa, wai tukwicin an sako shi.

Yanzu aikin da nake ci da shi ke nan, kuma nakan yi kewar wannan ajin da dariyarsa, ko da yake ni aka yi wa. In sabon ma'aikaci ya zo mini da fara'a ya ce ya gano mutum ɗaya an rubuta shi sau biyu, zai goge, nakan ce ya tashi ya je ya yi sallama da mutumin tukuna. In murya biyu ta amsa, ya dawo ya zauna.